Shekarar da Ba Mu Je Kano Ba

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a tsakaninku game da ni da kawunku Sani. Wasunku sun ce gadon gidanmu na Kano ne ya raba mu, wasu sun ce ya ƙi sa hannu a kayan ɗakin Yagana ne na riƙe shi a zuciya. Har wata jikata ta taɓa tambayata ko gaskiya ne na mare shi. Ban mare shi ba, gidan gado kuwa tun kafin a haifi yawancinku muka sayar muka raba lafiya. Tunda yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi min gardama, gara in rubuta yadda abin ya faru don kada ku gaji labarin da ba shi ne ba. Abin da ya shiga tsakaninmu ƙarami ne a ido. Fatin ƙawaye ne na bikin autata Yagana, wanda aka shirya yi a Kano, aka kuma fasa.

Ni Bakanuwa ce, kun sani. Fataucin busasshen kifi ne ya kawo mahaifina Maiduguri ina budurwa, Yaya Sani ya zauna a Kano yana koyon sayar da atamfa, ni kuma aka taho da ni. A nan na auri babanku, Alhaji Modu mai huluna, Babarbaren unguwar Shehuri mai zane a kumatu har zuwa haɓa. Mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa kirana Rabi ba, sai Afuno, wato Bahaushiya, kuma ita ce ta koya min haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da na riƙe ku da ita. A bikina dangin babanku suka ce sai an yi min wushe-wushe, shagalin daren biki, kamar kowace 'yar Yerwa, wato Maiduguri. Ba wanda ya gaya min cewa bayan ganga da algaita ana harba bindiga sama don murna. Harbin farko na shige bayan gado da ɗanyen lalle a ƙafa, na ɓata zanen gadon mutane, surukata ta yi shekaru tana ba da labarin tana dariya. Duk yayyen Yagana mata haka aka yi musu, da kiɗa da harbi da maƙwabta a kan katanga, har ni Afuno na zama mai cewa a ƙara wa masu bindiga goro.

Yagana ita ce ba ta samu ba. Bikinta ya faɗo a shekarar da aka katse layukan waya, kowa ya koma aike da ƙafa. Babur an riga an hana shi, dokar hana fita kuma yau a sassauta gobe a matse. Mutanen daji masu kai hari ba ma kiran sunansu ko a cikin ɗaki, sai dai mu ce yaran nan. Ba mai buga ganga a unguwarmu Lamisula, balle ya harba bindigar murna, don wanda ya yi haka sai dai danginsa su neme shi a bariki. Biki ya koma ɗaurin aure da safe, kai amarya kafin la'asar, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa hayaƙin turarena ne kaɗai ke shaida wa unguwa cewa ana aure a wani gida.

Ƙawayen Yagana ba su yarda da wannan ba. Makaranta a rufe take, ba su da aikin yi, kullum suna tsakar gidana ƙarƙashin darbejiya suna cin gyaɗata. Shugabarsu Ummi ce, 'yar wasu Kanawa masu shago a unguwar Wulari, yarinya mai bakin da ba ya gajiya. Sai kuma Falmata, wadda kuka sani da Anti Falmata. 'Yar Bama ce, ɗakinsu ɗaya da Yagana a makaranta, da hanyar garinsu ta lalace mahaifinta ya aiko a ce ta zauna a wurinmu har abin ya lafa. Doguwa ce, mai zanen Barebari siri-siri a fuska, ba ta da yawan magana. Ita ce babbar ƙawa, wato wadda za ta zauna kusa da amarya, ta riƙe mata jaka, ta yi magana a madadinta ranar da amarya ba ta buɗe baki. Wata rana ina daka kajijin turare, Ummi ta matso ta karɓe min taɓarya, na san da magana.

"Mama, mun yanke shawara. Tunda Maiduguri ta ƙi, Kano za mu kai Yagana."

"Ku kai ta ku yi mata me?"

"Fatin ƙawaye. Mu tafi Juma'a, mu sauka gidan Kawu Sani. A yi lalle da dilka a can, Asabar mu kama ɗakin taro, mu sa anko, a kawo mai sa kiɗa ya ƙure sauti. Lahadi mu dawo. Ba namiji ko ɗaya sai direba."

"Hanyar fa?"

"Mama, 'yan kasuwa ba kullum suke bi ba? Mu ma da sassafe za mu bi ayari."

Na yi niyyar ce musu a'a, sai na dubi Yagana na ga ta sunkuyar da kai tana jira. Yarinyar nan ta taso tana kallon bikin yayyenta, ta san abin da aka yi wa kowacce. Ni ma, gaskiya, ina kewar jin kiɗa. Daga ranar tsakar gidan ta zama ofis. Ummi ta raba aiki kamar mai shirya zaɓe: wannan ta nemo direban da iyaye suka yarda da shi, waccan ta zagaya gidaje neman izini tunda ba waya, aka yi ta musu kan launin anko har biyu daga cikinsu suka yi gaba na yini guda. Falmata ce ta ɗinka ankon duka a kan kekena, don hannunta ya fi na telan unguwa. Ba ta taɓa wuce Damaturu ba. Tana ɗinki tana yi min tambayoyi a hankali, yadda sauran ba za su ji su yi mata dariya ba.

"Mama, da gaske a Kano shaguna ba sa rufewa da magariba?"

"Wasu sai mutum ya gaji da saye."

"Kuma ana hawa dutsen nan na Dala a ga gari duka?"

"Ana hawa, in kina da ƙafa."

"Ina da ƙafa," ta ce, ta ci gaba da taka keke.

Babanku da na kai masa maganar bai ɗaga kai daga hular da yake gyara wa baki ba. Ya ce 'yan mata ba za su kwana a otal ba, wannan ba shawara a ciki, amma idan yayana ya karɓe su a gidansa, shi ba shi da ta cewa. Dama ina da tafiya Kano sayen kayan kicin na amarya, sai aka ce in haɗa, in yi wa Yaya Sani bayani baki da baki. Ba zan tsaya ba ku labarin hanya ba, waɗanda suka bi ta a lokacin sun sani, waɗanda ba su bi ba kuwa ba za su gane ba. Ana sauke mu a shingen sojoji mu taka da ƙafa hannu a sama, tsoho da yaro, mu sake hawa, a sake sauke mu. Abin da na fi tunawa shi ne wajen Azare, inda wayoyin cikin motar suka farka gaba ɗaya, saƙonnin watanni suka yi ta shigowa. Wata mata a bayana ta karanta nata ta fara kuka, don a nan ta ji rasuwar ƙanwarta da aka yi tun damina.

Ina so ku san wane ne Yaya Sani kafin ku yanke masa hukunci. Shi ne ya goya ni a keke zuwa makarantar allo. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe mahaifiyarmu har ƙarshenta bai taɓa cewa in kawo ko allura ba. Ranar da na isa gidansa a Hotoro ya taro ni tun daga bakin layi, yana taɓa kafaɗata kamar mai tabbatar da cewa ni ce. Matarsa Hajiya Asabe ta yi min dambu da fura. Washegari da hantsi, bayan mun karya, na zayyana masa shirin yaran, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce Yagana 'yarsa ce, in ba a yi mata a gidansa ba a gidan wa za a yi. Ya tashi ya buɗe min ɗakin baƙi da ya yi wa sabon fenti shuɗi, ya ce a shimfiɗa katifu har bakin ƙofa. Muna tsaye a ɗakin ne ya tambayi su wa da wa za su zo. Na fara lissafa masa, yana gyaɗa kai, har na zo kan Falmata.

"'Yar ina ce ita?"

"Bama. A wurina take zaune."

"Tana da zane?"

"Tana da shi. Akwai wasu uku ma masu shi."

Ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, muka koma falo. Ya yi min bayani a natse, ba faɗa, ba ɗaga murya. Kano ma ta sha nata, in ji shi. A bayan layinsu an rushe wani gida ƙasa-ƙasa, saboda mai shi ya ba wasu baƙi haya, daga baya aka samu makamai a ciki, kuma har ranar ba a san inda mai gidan yake ba. Mai unguwa ya tara su ya ce duk wanda ya sauke baƙo daga Borno ya kai sunansa. Maƙwabta sun koma leƙen juna ta taga. Duk wannan gaskiya ne, da idona na ga tarin ƙasar gidan da zan wuce kasuwa.

"Ki duba min, Rabi. Mota guda cike da 'yan Borno ta tsaya a ƙofata, su fito da lafaya da zane suna Barbarci. Kafin su ajiye jaka labari ya kai inda zai kai. Ina da iyali, ina da shago."

"'Yan mata ne, Yaya. Ɗalibai."

"Na sani. Wanda zai kai rahoton ba zai tambaya ba. Ki kawo Yagana da Ummi da waɗanda in an gan su za a ce 'yan gida ne. Sauran a ba su haƙuri, a ce mota ta cika."

"Falmata ce babbar ƙawa. Ita ta ɗinka ankon."

"Sai a kai mata hotuna."

Ban ji haushi nan take ba. Na zauna ina kallon hular da ke kansa, wadda babanku ya aiko masa da ƙaramar salla, kamar yadda yake aiko masa kowace salla tun aurenmu. Tambayar da na yi masa ban shirya ta ba, fitowa ta yi.

"Yaya, idan Alhaji Modu ne ya zo fa? In abin ya tsananta muka gudo, ya tsaya a ƙofarka da fuskarsa?"

"Rabi, kada ki kai maganar inda ban kai ta ba."

"Tambaya na yi."

Ya ɗauki carbinsa ya ja, ya ajiye, ya dubi taga. Na jira shi har Hajiya Asabe ta leƙo ta tambaya ko a dafa min shayi. Da ya ce min zai rufe ƙofa, da na yi masa faɗa na huce. Da ya ce zai buɗe, ko da ƙarya ne, da na karɓa. Shirun ne na ɗauka na dawo da shi Maiduguri, kuma shi ne duk abin da ya shiga tsakanina da kawunku. Na gama sayayyata, shi da kansa ya kai ni tasha, ya sa aka ɗaure min kaya da kyau, ya ƙara min da atamfofi masu tsada ya ce na Yagana ne. Muka yi sallama kamar yadda wa da ƙanwa suke yi.

A hanyar dawowa na juya abin ta kowane gefe. In na faɗi gaskiya, na san Falmata: za ta yi murmushi ta ce dama kanta na ciwo, su tafi kawai, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga musu hannu sanye da ankon da ta ɗinka. Yarinyar da ba ta san halin da iyayenta ke ciki ba, gidana kaɗai take da shi, sai kuma ta ji cewa dangin gidan ma ba sa son ganin fuskarta. Yagana kuma za ta shiga gidan miji tana ƙin kawunta. In na ce mota ta cika, ni ce zan tsaya in zaɓi 'ya'yan mutane da fuska kamar mai zaɓen tumatir, alhali mijina da surukata da rabin jinin 'ya'yana suna cikin waɗanda za a ware. Kafin mu shigo gari na riga na san abin da zan ce. Na tarar da su a ƙofar gida suna jira, Falmata ta riga kowa karɓar jakata.

"Lale, Mama, lale. Kano na nan yadda ake faɗa?"

"Tana nan. Amma ba za a je ba. Hanya ba ta da kyau."

Ummi ta buɗe baki ta kasa rufewa. Yagana ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Hanyar da kika bi kika dawo yanzu?"

"Ita. Ni tsohuwa ce, in na mutu na ci zamanina. Ba zan zuba 'ya'yan mutane a mota ɗaya ba."

"Kawu ya ce me?"

"Kawunki ya gyara muku ɗaki har da fenti. Ni ce na hana."

Yagana ta ɗauke min wuta. Tana gaishe ni da safe, ta yi abin da na sa ta, amma ba hira, ba dariya. Sau ɗaya na ji ta ta taga tana ce wa Falmata an yi wa kowa kiɗa sai ita, kuma uwarta ce da kanta ta hana. Ya yi min zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Falmata ce ke ba ta haƙuri, tana cewa Mama ta fi su sanin hanya. Babanku kuwa ya bari sai da muka keɓe, sannan ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba.

"Sani ne?"

"Hanya ce."

"To," ya ce. "Hanyar nan ta daɗe da lalacewa."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da babbar salla ta zagayo ya zaɓi hula mai kyau ya ba direba ya kai Kano kamar kullum. Shi bai riƙe komai ba, ko kuwa ya riƙe ya fi ni iya ɓoyewa.

Na ce wa yaran su zo su yi fatinsu a tsakar gidana da rana, Asabar ɗin da za su yi a Kano, su watse kafin la'asar. Suka zo da hantsi cikin ankon, fuska ba walwala, kamar masu zuwa gaisuwar mara lafiya. Na yi musu burabusko da danderun nama, na jiƙa tsamiya, mai lalle ta fara aiki. Ba a kai azahar ba muka fara jin ƙarar harbi daga can gefen gari, irin wadda muka riga muka iya bambancewa. Babanku ya shigo da sauri ya sa sakata, ya kunna rediyo, aka ce an sa dokar hana fita ba dare ba rana har sai an ji sanarwa. Haka 'yan mata cike da gida suka maƙale a wurina, har da mai lallen. Ba waya, sai muka ba da saƙo ta katanga, maƙwabciya ta miƙa wa maƙwabciya, cewa yaran suna gidan Rabi mai turare lafiya lau. Waɗanda gidajensu ke nesa, iyayensu sun dogara da sanin inda suka ce za su.

Ba zan ce muku ya fi Kano daɗi ba, don tsoro muke ji. Ummi ma ba ta fasa mita ba, tana cewa da yanzu suna can suna shan askirim. Amma washegari da rana, da gari ya yi tsit har ana jin kukan kurciya, Falmata ta ɗebo ruwa a babban baho, ta kifa ƙwarya a kai, ta ɗauki ludayi biyu ta fara bugawa a hankali, yadda ba zai wuce katanga ba. Ta rera waƙoƙin aure na Barbarci da ta koya wurin kakarta a Bama, waɗanda rabona da jin su tun surukata na raye. Ban taɓa sanin tana da murya ba. Masu zane suka fara amsawa, sauran suka bi da tafi da yatsu biyu. Na ɗauko turaren da nake ɓoye wa manyan amare na zuba a kasko ban auna ba. Yagana ta daɗe a zaune tana cije baki, daga baya ta miƙe ta gyara lafayarta ta taka, Falmata na buga mata tana kallon ƙafarta. Babanku ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga sandarsa sama kamar bindiga ya ce "tau" a hankali, yaran suka faɗi ƙasa don dariya. Wannan shi ne wushe-wushen da autata ta samu. Da aka ɗage dokar suka tafi gidajensu da ankon da ya sha kwana biyu a jiki, ita kuma ta dawo yi min hira.

Yaya Sani bai zo ɗaurin aure ba, ba kuma wanda ya ga laifinsa, don mutane da yawa ba su zo ba. Da waya ta dawo yakan kira, mu gaisa, ya tambayi kowa da suna, in tambayi kowa da suna, mu ajiye. Ina zuwa Kano sayen kayan turare, amma na koma sauka wurin wata abokiyar sana'ata, in je gidansa da rana in gaishe shi in fito. Ya aiko Hajiya Asabe ta tambaye ni dalili, na ce can ya fi kusa da kasuwa. Shi da kansa bai taɓa tambaya ba, ni kuma tambayar nake jira. Da babanku ya rasu ya zo, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida cikin Barebarin Shehuri har aka yi sadakar uku, na ga idonsa ya yi ja. Falmata ce ta kai masa abinci. A lokacin an tabbatar mahaifinta ba ya raye, daga gidana aka kai ta ɗakin mijinta, ni na zauna mata a matsayin uwa. Ya tambayi sunanta, ta faɗa, ya sa mata albarka, aka dawo da kwanon kusan yadda aka kai shi. Na ɗauka ranar zai yi magana. Ya yi min ta'aziyya ya hau mota. Haka muka ƙarasa shekarunmu, ba gaba, ba kuma yadda muke da, kuma na yi kewar yayana fiye da yadda na bari kuka gani.

Yagana za ta ji wannan ne a karon farko in ta karanta. Anti Falmata kuwa ba ta sani ba, kuma ban rubuta don a kai mata ba. Duk wanda ya karanta a cikinku ya riƙe bakinsa, ina raye ko ba na raye.

Da aka kira aka ce Yaya Sani ya cika, ƙafafuna ba sa iya doguwar tafiya ni kaɗai, Yagana kuma na da tsohon ciki. Falmata ce ta bar 'ya'yanta ta raka ni. Ta je Kano sau da yawa kafin nan, amma ba ta taɓa shiga gidan ba. Hajiya Asabe ta rungume mu tana kuka, ta sa aka kai jakunkunanmu ɗakin baƙi. Shuɗin fentin ya koɗe, ya ɓare ta wajen taga. Falmata ta zaunar da ni a bakin gado, ta cire min takalmi, sannan ta miƙe tana duban ɗakin daga bango zuwa bango.

"Mama, nan ne ɗakin da Kawu ya gyara mana?"

"Nan ne."

"Allah sarki. Har da fenti, kika ce. Da hanya ta yi kyau, da a nan muka kwana."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ɗaga hannu, ta yi masa addu'a mai tsawo da Barbarci, tana roƙon Allah ya buɗe masa ƙofa kamar yadda ya buɗe wa baƙi tasa, ya shimfiɗa masa kamar yadda ya yi niyyar shimfiɗa musu. Hawaye na bin zanen fuskarta. Ta shafa, ta juyo tana jiran in amsa.

Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.